Kasuwa a Ƙofar Zango: Bukukuwan Fim da Neman Jari a Fatakwal, Anacha da Inugu

A watan Yunin 2016 aka yi taron raba kambun finafinan Afirka na AMAA a birnin Fatakwal. Da aka zo rukunin finafinan gaskiya, waɗanda ba wasan kwaikwayo ake yi a cikinsu ba, sai kambun ya tafi Jamhuriyar Nijar. Aïcha Macky ce ta ci, 'yar Damagaram, da fim ɗinta L'arbre sans fruit, wato bishiyar da ba ta 'ya'ya, wanda ta yi a kan rashin haihuwa da irin kallon da ake yi wa macen da Allah bai ba haihuwa ba. Tafiyar mintuna kaɗan a mota daga zauren taron, a Diobu da mayankar Trans-Amadi, a lokacin akwai dubban Hausawa: mahauta, 'yan albasa, 'yan canji, masu shayi da masu gyaran takalmi, waɗanda fim ɗin Hausa ne abokin hirarsu idan an tashi kasuwa. Labarin da aka karrama a daren labarin gidajensu ne, amma tsakanin zauren da unguwannin akwai katangar da ba a ganin ta.

A cikin shekara goma sha biyar da suka wuce, bukukuwan baje kolin finafinai sun yawaita a Najeriya, har ɗan fim mai cin gashin kansa ya koma kallon su a matsayin hanyar tallata aikinsa da samo jarin na gaba. Garuruwa uku na kudu maso gabas da kudu maso kudu suna tsakiyar wannan sauyi: a Anacha tsohuwar kasuwar fim ta yi tashe ta kuma durƙushe, a Fatakwal ɗaya daga cikin manyan bukukuwan ƙasar ya fara, Inugu kuwa yanzu tana da nata. Duk ukun suna da Hausawa mazauna na kaka da kakanni. Abin dubawa shi ne me ya kawo wannan yayi, me yake haifarwa, kuma ina rabon ɗan zango a ciki.

Yadda tsohuwar kasuwa ta mutu

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya. A 1992 Kenneth Nnebue ya fitar da Living in Bondage da harshen Ibo. Masana'antun biyu sun tashi a kan ginshiƙi guda, wato ɗan kasuwa. Duk wanda ya kalli tallar fim ɗin kudu a wancan zamani ya haddace adireshin da ake rufewa da shi: lamba 51, titin Iweka, Anacha, tare da Idumota ta Legas da titin Pound na Aba. Mutanen Iweka su ke ba da kuɗi, su zaɓi jarumi, wani lokaci har su raɗa wa fim suna, a je Inugu a ɗauka cikin 'yan kwanaki. A Kano kuwa Ƙofar Wambai da Bata ne. Furodusa ya buga kwalin fim ya sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su kwafa a kaset su zuba a ciki. Yawan kwalin da ka sayar, yawan ribarka. Daga nan kaset ya bi motocin shanu da na albasa ya gangara kudu, ya sauka a shagunan zango.

Tsarin yana da zalunci a cikinsa, domin ɗan kasuwa ne sarki, darakta ɗan aike. Amma yana da kyau ɗaya: kuɗi suna juyawa. Fim ya fita yau, kafin wata ya ƙare an san ko uwar kuɗi ta dawo.

Satar fasaha ce ta fara kai masa sara, da aka shigo da faifan da ke ɗaukar finafinai barkatai a farashin guda. Wayar hannu ta ƙarasa shi. Yau idan ka shiga kowace unguwar Hausawa a kudu za ka tarar da ɗan shagon cajin waya, janareta na kuka a gefe, wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, yaro zaune gaban kwamfuta. Mai sayar da rake ya miƙo memori ya ce a zuba masa sababbi. Cikin minti biyar an cika masa, ya biya abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Masu kallo sun ƙaru fiye da kowane lokaci, amma kuɗin a aljihun mai turi yake tsayawa.

Hanyoyin da suka maye gurbin kaset kowace da iyakarta. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta buɗe ƙofar shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. YouTube ya ɗaga irin su Izzar So tun daga 2020. Sai dai wannan kasuwa ta mai iya fitar da kashi duk mako ce, kuma abin da talla ke biya a kan mai kallo daga Najeriya kaɗan ne. Wanda ya shekara biyu yana gina fim guda na minti casa'in ba shi da rumfa a nan. Gidajen sinima sun taru a manyan birane, kuma da wuya su ba fim ɗin da ba shi da fitaccen jarumi ko da mako guda. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta ware naira biliyan 3 a 2013 a shirin Project ACT Nollywood, Bankin Masana'antu ya fito da NollyFund a 2015, amma rance yana son kamfani mai rajista da takardu da abin da za a riƙe, abubuwan da mai farawa ba shi da su. Manyan kamfanonin intanet da aka sa wa rai su ma sun ja baya: a Janairun 2024 Amazon ya dakatar da ɗaukar nauyin sababbin finafinai a Afirka. Da ƙofofi suka yi ta rufewa, sai ido ya koma kan biki.

Yadda bukukuwa suka yaɗu

A ƙarshen 2009 bikin ION, mai yawo daga ƙasa zuwa ƙasa, ya sauka a Fatakwal. Shekara guda bayan haka, a Disambar 2010, Chioma Ude ta ƙaddamar da bikin AFRIFF a wannan birni. AMAA da Peace Anyiam-Osigwe ta kafa a 2005 ta daɗe tana zama a Yenagoa ta Bayelsa. Inugu ta samu bukukuwa biyu a tsakanin 2020 da 2021: Eastern Nigeria International Film Festival da Coal City Film Festival. A arewa akwai KILAF a Kano, wanda Abdulkareem Muhammad ya assasa domin finafinan harsunan gida, da bikin Kaduna, dukkansu tun 2018. A Abuja akwai Zuma na Hukumar Finafinai ta Najeriya, wadda Ali Nuhu ya zama shugabanta a Janairun 2024.

Dalilan wannan yawaita uku ne. Na farko, gwamnonin jihohi sun gane cewa taron taurari yana wanke sunan gari. Neja Delta ta fito daga shekarun tsageru da garkuwa da ma'aikatan mai, afuwar Shugaba 'Yar'aduwa ta zo a 2009, kuma babu tallar zaman lafiya da ta kai hoton jarumai a kan jar darduma. Na biyu, kayan aiki sun yi araha. Kyamarar da ake ɗaukar bikin aure da ita yau ta fi wadda aka ɗauki fim ɗin Sangaya da ita nesa ba kusa ba, don haka masu ƙananan finafinai sun yi yawa, kowa na neman allon da zai haska nasa. Na uku, shiga ta yi sauƙi. Da sai ka aika faifai ta gidan waya zuwa Turai. Yanzu shafi irin FilmFreeway ya ishe ka: ka ɗora fim sau ɗaya, ka aika wa biki ɗari kana zaune a Ogui ta Inugu.

Ina kuɗin yake?

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, kuma kalmar "biki" ce take ruɗar da su. Bahaushe in ya ji biki sai ya tuna anko da liƙi. Bikin fim na gaskiya ya fi kama da kara. Mai shanu ya taso daga Maigatari ko Potiskum ya sauka a Gariki ta Inugu ko Ugwuoba ko Amansea, bai san mahaucin Ibo ba, mahaucin ma bai san shi ba. Mai masauki ne yake tsaya masa, dillali ya haɗa ciniki, a ba da kaya bashi saboda an yarda da wanda ya tsaya. Abner Cohen ya yi nazarin wannan tsari a unguwar Sabo ta Ibadan tun a shekarun 1960, kuma har gobe da shi ake aiki. Aikin da babban biki yake yi wa fim ke nan. Idan masu tantancewa sun zaɓe shi daga cikin dubban da aka aiko, sun tsaya masa. Masu saye, wato gidajen talabijin da kamfanonin rarrabawa da wakilan sayarwa, sun zo ne domin sun yarda da idon mai masaukin.

Misali mafi kusa da mu daga Inugu ya fito. A can Genevieve Nnaji ta ɗauki Lionheart, labarin kamfanin sufuri na wani attajirin Ibo da bashi ya yi wa katutu, wanda bai tsira ba sai da ya haɗe da kamfanin Alhaji Danladi Maikano na Kano. Sani Mu'azu ne ya fito a Alhajin, Yakubu Muhammad ya fito a ɗansa. An fara nuna fim ɗin a bikin Toronto na Kanada a Satumbar 2018, kuma a daidai lokacin aka sanar da cewa Netflix ya saye shi. Amma kada a manta, Genevieve ta je Toronto da suna na shekara ashirin a bayanta.

Hanyar wanda ba shi da suna ta fi tsawo. C.J. Obasi, wanda ya yi karatu a jami'ar Nsukka, ya yi Ojuju kusan ba da ko sisi ba, fim ɗin ya ci kambun fim mafi kyau na Najeriya a AFRIFF na 2014. Wannan kambu bai sa shi ya yi arziki ba, amma ya sa an fara amsa wasiƙunsa. Ya kai labarin Mami Wata zauren horo na Ouaga Film Lab a Burkina Faso a 2018, ya kai ɗanyen aikin Final Cut na bikin Venice a 2021, sannan fim ɗin ya fito a Sundance ta Amurka a Janairun 2023 ya ci kyautar ɗaukar hoto. Kowane mataki ya kawo ɗan tallafi, ko abokin haɗin gwiwa, ko aikin tace sauti da launi kyauta. Haka ita ma Aïcha Macky: bayan kambun Fatakwal ta yi Zinder a 2021, da Hausa, a kan matasan unguwar Kara-Kara ta Damagaram, da haɗin gwiwar kamfanonin Faransa da Jamus, aka fara nuna shi a bikin Visions du Réel na Suwizalan.

Ke nan kuɗin ba a kan dandamalin raba kambu yake ba, yana ɗakunan baya. Bikin Rotterdam yana da asusun Hubert Bals, na Berlin yana da World Cinema Fund tun 2004, Durban tana da kasuwar FilmMart tun 2010, Marrakesh tana da zauren Atlas tun 2018, bikin Jidda na Red Sea ma yana da nasa asusun. FESPACO ta Wagadugu, uwar bukukuwan Afirka tun 1969, tana da kasuwarta ta MICA. Dukkansu abin da suke nema kusan ɗaya ne: taƙaitaccen labari, bayanin darakta a kan dalilinsa na yin fim ɗin, kasafin kuɗi dalla-dalla, furodusa mai kamfani, da samfurin aikin da ka taɓa yi. Wannan na ƙarshe shi ya sa gajeren fim ya zama katin shaida. Bukukuwan gida irin na Inugu da Kano ba su da kuɗin ɗaukar nauyin fim sukutum, amma a nan ake samun samfurin, da horon, da mutane. AFRIFF ta taɓa tura ɗalibanta ƙarin karatu jami'ar jihar Montana a Amurka.

Matsayin ɗan zango

Abin da masu tantancewa suka fi nema shi ne labarin da ba su taɓa gani ba, daga bakin wanda ya rayu a cikinsa. Ta wannan fuska ɗan zangon kudu a kan taska yake zaune. Tun ƙarshen ƙarni na 19 mafarautan giwa Hausawa suka yada zango a Elele ta jihar Ribas, zuriyarsu na nan. A shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, shi mutanen Inugu suka zaɓa magajin garinsu na farko. Akwai ficewar 1966 da dawowar bayan yaƙin basasa. Akwai Fabrairun 2006, lokacin da rikicin Maiduguri ya jawo ramuwar gayya a Anacha, aka kashe mutane, aka lalata masallacin titin Bida, jama'a suka tsallaka gada zuwa Asaba, wasu kuma maƙwabtansu Ibo ne suka ɓoye su. Akwai mayankar Trans-Amadi da gwamnatin Ribas ta rufe a 2021, da mahautan da suka watse. Akwai yaron da aka haifa a Diobu, yana jin Hausa da Ibo da Turancin buroka, in ya je Kano a kira shi ɗan kudu, in ya dawo a kira shi aboki. Kannywood ba ta ba da waɗannan labarai domin idonta yana kan falon Alhaji a Nasarawa ta Kano. Nollywood kuwa ta daɗe tana nuna Bahaushe a matsayin maigadi mai gurɓatacciyar magana. Lionheart ya burge mutane ne domin ya kauce wa wannan, duk da haka Alhaji Maikano baƙo ne daga Kano. Bahaushen da ke kwana yana tashi a Inugu bai fito ba.

To me ya sa da wuya ka ga sunan ɗan zango a jerin finafinan waɗannan bukukuwa? Dalili na farko, fuskarsa arewa take kallo. Matashin da ke sha'awar fim a Anacha burinsa ya tara kuɗin mota ya tafi Zoo Road a Kano ya yi rajista da wani kamfani, ko ya yi barkwanci a TikTok. Bikin da ake yi a bayan gidansa yana ɗaukarsa sha'anin 'yan boko da Ibo.

Na biyu, ƙa'idojin da ba a sani ba. A ce matasa uku a Gariki sun haɗa kuɗi sun ɗauki fim na minti goma sha biyar a kan yaron mota da ya rako shanu daga arewa. Murna ta sa a daren da aka gama tacewa suka ɗora shi a YouTube suka tura wa 'yan'uwa. Sun rufe wa kansu ƙofa ba su sani ba, domin manyan bukukuwa da yawa ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya bazu, wasu ma sharaɗinsu a wurinsu za a fara nuna shi a duniya. Ko da ba su ɗora ba, sauti zai kayar da su: ƙarar janareta da kukan babur sun danne maganar jarumi. Sai fassarar ƙasan allo, wadda ta daɗe tana zubar da mutuncin finafinan Hausa. Alƙalin da ke zaune a Berlin ko Legas ba ya jin Hausa. Fassarar ita ce fim ɗin a wurinsa, in ta karye komai ya karye.

Na uku, dala. Yawancin bukukuwan waje da dala ake biyan kuɗin shiga. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Bikin da ke karɓar dala 50 ya tashi daga kimanin naira 23,000 zuwa 75,000, kuma biyan ba ya nufin an ɗauke ka. In an ɗauke ka, saura biza da tikiti da masauki.

Na huɗu, tsaro da amana. Zaman gida na ranar Litinin da aka fara a Agustan 2021 ya rage ranakun aiki a kudu maso gabas. Bayan rikicin da ya faru a Oyigbo a Oktoban 2020, mutanen zango sun ƙara taka-tsantsan. Wanda ya ɗaga kyamara a kara ko a bakin gadar Anacha sai ya amsa tambayoyi daga ɓangare biyu. Ga kuma kallon da dattawa ke yi wa sana'ar. Attajirin da zai gina masallaci ko ya biya wa mutum goma Makka ba lallai ya yarda sunansa ya fito a allon fim ba. Ko a Kano, a 2016, adawar malamai da jama'a ce ta sa gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim.

Riba da hasara

Amfanin farko da wannan yayi ya kawo shi ne harshen gida ya yi daraja. A Nuwamban 2019 hukumar Oscar ta cire Lionheart daga gasar finafinan ƙasashen waje saboda Turanci ya yi yawa a ciki. Shekara guda bayan haka Najeriya ta tura The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda akasarinsa da Hausa aka yi a jihar Taraba, wanda kuma ya ci kambu biyar a AMAA ta 2020, har da na Maryam Booth. A 2024 aka tura Mai Martaba na Prince Daniel, da aka ɗauka a Daura. Hausar da ake ganin ita ke hana fim fita waje ta zama abin da ake nema. Dama tarihi ya nuna haka: Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara cin babban kambun FESPACO a 1972, Sarraounia na Med Hondo, labarin sarauniyar Aznan Lugu, ya ci a 1987, ɗan Najeriya na farko da ya ci kuwa Newton Aduaka ne a 2007, ɗan Ogidi da ke maƙwabtaka da Anacha.

Amfani na biyu inganci ne. Wanda ya zauna a zaure ya ga aikinsa a babban allo kusa da na ɗan Senegal ko Kenya ba ya bukatar a faɗa masa inda ya gaza. Na uku adanawa. Shaihu Umar na Adamu Halilu, fim ɗin 1976, ya yi shekaru ana zaton ya ɓace, sai da aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna a bikin Berlin na 2018. Finafinan kaset nawa ne na Iweka da Ƙofar Wambai suka ruɓe ba wanda ya waiwaye su?

Hasarar ma ba ƙarama ba ce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu ba da tallafi suna da abin da suke son ji daga arewacin Najeriya: ta'addanci, auren wuri, almajiranci, hijira. Duk matsaloli ne na gaske, amma in su kaɗai ke kawo kuɗi, sai marubuci ya koyi rubuta abin da zai sayu, Bahaushe ya tashi daga maigadi ya koma abin tausayi. Ga ɗan zango haɗarin ya ninka, domin fim ɗin da ya taɓo 2006 ba tare da hikima ba zai iya tayar da ƙurar da shi da iyalinsa za su shaƙa bayan alƙalai sun koma gida. The Milkmaid ma sai da hukumar tace finafinai ta ƙasa ta sa aka yanke wasu sassansa.

Hasara ta biyu, fim ya zaga duniya mutanensa ba su gan shi ba. Yarjejeniyar sayarwa takan ɗaure shi shekaru, kuma ba a cika samun sinima kusa da zango ba. Ta uku, 'yan damfara sun shigo. Akwai "bukukuwan" da ba su da zaure ba su da allo, sai shafin intanet da ke karɓar dala ya aiko maka da hoton ganye ka manna a fosta. Ta huɗu, bikin da ya dogara da gwamna ba shi da gida. AFRIFF da aka haifa a Fatakwal ta koma Legas, ta je Kalaba, ta sake dawowa Legas ta zauna. Inda masu tallafi suke nan biki yake tarewa, garin da ya fara karɓarsa kuwa sai ya tashi da hotuna kawai. Sannan lissafi bai canza ba: a cikin dubban da ke nema, kaɗan ake ɗauka, a cikin waɗanda aka ɗauka kaɗan ne ke samun mai saye. My Father's Shadow na Akinola Davies ya kai Cannes a 2025, shi ne fim ɗin Najeriya na farko da ya shiga zaɓaɓɓun bikin, bayan fiye da shekara talatin ana fim ba dare ba rana.

Abin da ya kamata a yi

Idan aka auna, biki yana ninka abin da ka zo da shi ne, ba ya ƙirƙirar jari daga babu. Dillali ba ya sayar da saniyar da ba a kawo kara ba. Don haka kuɗin farko daga zango za su fito, kuma zango ya san yadda ake tara kuɗi: adashi, asusun ƙungiyoyin 'yan albasa da 'yan shanu da direbobi, da gudummawar da ake haɗawa in gobara ta tashi. Gajeren fim mai tsabtar sauti bai fi ƙarfin irin wannan asusu ba, muddin an rubuta wa kowa kasonsa a takarda.

Matashin da ke da niyya ya fara da zuwa kallo. Bukukuwan Inugu suna da zaurukan horo, kuma zuwa da kai ya fi saƙo. Ya nemi abokan aiki cikin 'yan fim ɗin Inugu da Asaba da Fatakwal, waɗanda ke da kayan aiki da gogewa amma ba su da hanyar shiga zango. Ya kashe kuɗi a kan mai ɗaukar sauti da mai fassara kafin ya kashe a kan jarumi. Ya karanta ƙa'idar kowane biki kafin ya saki fim ɗinsa, ya binciki ko bikin yana da zaure da tarihi, ya rubuta wasiƙar neman a yafe masa kuɗin shiga, domin da yawa suna yafe wa 'yan Afirka. Ya fara da na gida, Inugu da KILAF da Zuma da AFRIFF, kafin ya hango Wagadugu da Durban. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Su ma masu shirya bukukuwan akwai aiki a gabansu. Sanarwa da Hausa a gidan rediyo, da dare guda na nuna fim a fili kusa da Gariki ko Diobu da izinin Sarkin Hausawa, ba za su ci wani kuɗi ba, kuma za su kawo masu kallon da ba su taɓa shiga zauren otal ba. KILAF da Hukumar Finafinai suna iya ware gurbi ga finafinan Hausawan da ke zaune a wajen arewa, daga Fatakwal har Kumasi.

Ga sarakunan Hausawa da attajiran waɗannan garuruwa, maganar ita ce: za a ba da labarin zango, ko da ku ko ba ku. An fi shekara ɗari ana zaune a wannan ƙasa, an yi ciniki, an yi auratayya, an yi kuka tare, kuma yaran da suka san wannan labari ciki da waje suna nan a shagunan caji suna tura finafinan wasu. A tallafa musu su yi nasu.